Manajan Da Ba Ya Samuwa

Litinin, da yamma

Yau na tsani wani mutum, kuma ko ganinsa ban taɓa yi ba. Manaja ake ce masa. Tun da na dawo daga makaranta Baba ke zaune a teburin falo da kwamfutar Yaya a gabansa, sai cewa yake, "Wai manaja ba ya samuwa." Ya faɗa wa Mama, ya faɗa a waya, ya faɗa shi kaɗai. Ina ɗaki ina jinsa. Wane irin mutum ne dattijo kamar Baba zai wuni yana nemansa, shi kuma ya ƙi samuwa?

Na san irinsu, sun cika littattafan soyayyar da nake karantawa. Dogo, mai tsadar magana, ya shanya mutane a bakin ofis yana shan shayi a ciki. Can tsakiyar littafi sai a gano wai yana da wani ciwo a zuciya, yarinyar ta tausaya masa. Ni kam ba zan tausaya wa wannan ba.

Mama ta dawo daga wurin Yaya a asibiti. Ban tambaye ta ba.

Talata, bayan makaranta

Kunya kamar in nutse.

Na kai wa Baba ruwa, na daɗe a tsaye ina murza gefen faranti, sannan na ce, "Baba, me zai hana ka je gidansa?"

Ya ce, "Gidan wa?"

"Manajan."

Ya zare tabarau ya dube ni. Sai ya tuntsire da dariya har da tari, har Mama ta leƙo daga kicin da wuƙa a hannu, don an daɗe ba a ji wannan ƙarar a gidan nan ba. Ya ce, "Auta, manhaja ce fa! Manhaja! Ba manaja mai mota da direba ba."

Ya jawo mini kujera ya yi mini bayani. Kamfanin nan mai rarraba magunguna da shi da Yaya suke yi wa aikin kwamfuta, shagunan magani suna turo musu odar abin da suke so. Odar ba ta wucewa sito kai tsaye, layi take bi, kamar yadda ake bin layi a banki. Manajan sunan manhajar ne, shi ne abin da ke riƙe da layin, ya karɓi saƙo ya adana, ya miƙa shi inda ya dace. Yaya ne ya haɗa shi gaba ɗaya. Baba nasa aikin wayoyi ne da firinta da gyaran abin da ya ƙone.

Ranar Asabar kamfanin ya kashe wuta don gyara. Da aka maido, aka ce Baba ya saka sabon reshe da suka buɗe a cikin tsarin. Akwai jerin umarni da Yaya ya rubuta ya ajiye don irin haka, dannawa kawai ake yi ya yi aikinsa. Baba ya danna, baƙin allon ya amsa da layi ɗaya na Turanci, wai manajan ba ya samuwa. Tun daga lokacin ko oda ɗaya ba ta wuce ba, da waya da biro suke karɓa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya mayar da tabaransa.

Laraba, da safe

Ba ya samuwa.

Alhamis, da yamma

Shugabar kamfanin ta kira da kanta. Baba ya miƙe tsaye ya amsa, kamar tana ganinsa. Ta ba shi zuwa ƙarshen wata. In bai gyara ba za su kawo wani babban kamfani, kuma su ba gyara suke yi ba, share komai za su yi su dasa nasu.

Da ya ajiye wayar Mama ta ce, "To su kawo mana, kai ka huta."

Ya ce, "Aikin yaron nan ne. Ni riƙe masa nake yi. Ya dawo ya tarar da me?"

Mama ta ci gaba da ninke kaya. Rigar da ke hannunta sau nawa ta ninke ta ta warware, ban sani ba.

Jumma'a, da rana

Baba ya gano wai manajan yana bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana, in ka rubuta sunansa da ƙaramin harafi sai ya yi kamar bai san ka ba. Ya yi ta murna, ya ce lallai nan ne matsalar. Ya sa na riƙa karanto masa harafi ɗaya ɗaya yana dubawa. Duk daidai suke, Yaya ba ya irin wannan kuskuren.

Akwai wani ma'aikacin kwamfuta na kamfanin da ke kiran Baba kullum. Baba yana sa wayar a lasifika don hannunsa ya samu dannawa. Muryarsa a hankali take, kamar ba abin da ya taɓa firgita shi a duniya. "Baba, barka da rana. Kada ka damu, mu sake gwadawa." Na sa masa suna Mai Murya. Na ba shi tsayi, na ba shi farar riga mai dogon hannu da ya naɗe zuwa gwiwar hannu. Yau da ya ji motsina ya ce, "Baba, mataimakiya ka samu ne?" Na gudu ɗaki, na bugi ƙafar kujera da yatsana.

Ƙawata ta ce in na ci gaba haka, wata rana sai na auri rediyo.

Asabar, da hantsi

Baba da Mai Murya sun duba ko wurin ajiya ne ya cika. Bai cika ba. Sun duba lambar ƙofar da manajan ke sauraro ta nan. Daidai take. Baba ya wuni yana kallon bidiyon wasu mutane masu saurin magana, yana tsayarwa yana mayarwa baya. Ya ƙara girman rubutun allon har daga bakin ƙofa ina iya karantawa.

Ban san Baba ya tsufa haka ba. Ta ƙeya na gane.

Lahadi, da yamma

Mun je asibiti mu uku.

Ba na son dogon barandar nan, ba na son warin abin goge ƙasa. Ɗakin na nan yadda yake, gadon, labulen, injin da ke ƙara a hankali. An yi wa Yaya aski amma wanda ya yi bai san yadda yake so ba, ya kwashe gefen da yawa. Da ya gani da an ji faɗa.

Mama ta ce, "Yi masa magana mana, Auta, yana ji." Kullum haka take cewa. A littafi yarinyar takan kama hannu ta yi dogon jawabi, hawayenta ya ɗiga a kan yatsunsa, yatsun su motsa. Ni bakina ya ƙi buɗuwa. Da Mama ta fita neman nas, na matsa kusa na raɗa masa cewa na zaci manaja mutum ne. Na jira ya ce, "Ke dai Malamar Soyayya, kanki akwai aiki." Na jira sosai.

Da za mu tafi Baba ya sunkuya daidai kunnensa. Na zaci addu'a yake yi. Sai na ji yana cewa, "Na duba sunan, na duba ƙofar, na duba wurin ajiya. Me ya rage? Ka faɗa mini me ya rage." Nas ɗin da ta shigo ta juya tana gyara ledar ruwan da ba ta buƙatar gyara.

Litinin, da safe

Ban yi aikin lissafi ba. Malam bai ce komai ba. Yanzu ba wanda ke ce mini komai a makaranta, ya fi duka ciwo.

Talata, da yamma

Ba ya samuwa.

Na fara sabon littafi, na kai shafi na nawa ban san me ake ciki ba. Wata ce ke kuka don saurayinta bai amsa saƙonta ba tun safe. Tun safe kawai! Na wurga shi ƙarƙashin gado, daga baya na ciro don ba nawa ba ne.

Laraba, bayan makaranta

An gano.

Ina zaune a ƙasa ina cire safa lokacin da Mai Murya ya ce su daina danna jerin umarnin, su gwada kunna manajan da hannu su ga me zai ce. Baba ya gwada. Manajan ya mutu nan take. Mai Murya ya ce, "Baba, duba mini da sunan wa aka saita shi yake aiki." Baba ya matsa kusa da allo, ya karanta, ya sake karantawa.

"Baba? Kana ji na?"

Sai Baba ya faɗi sunan Yaya. Cikakken sunan, yadda ake kira a makaranta.

Sannan Mai Murya ya ce, da muryar nan tasa da ba ta canzawa, wai watan jiya sun rufe duk akawun, wato sunayen shiga kwamfuta, da aka daɗe ba a shiga da su ba. Doka ce. Shi da kansa ya rufe, bai lura da na wa da na wa ba ne. Manajan bai ji komai ba don a kunne yake, ya ci gaba da aikinsa da sunan Yaya har ranar da aka kashe wuta. Da ya zo dawowa sai ya tarar an rufe sunan.

Wato duk watannin nan da muke zirga-zirga a barandar nan, sunansa yana can yana aiki, yana karɓar oda yana miƙawa. Ba wanda ya sani.

Baba ya ce, "To ku buɗe."

"Zan yi wa shugaba magana, Baba."

Na cire wa Mai Murya farar rigar da na ba shi. Tsayin ma na karɓe.

Alhamis, da rana

Shugaba ta ce a'a. Akawun na wanda ke zuwa aiki ne. Kuma dama tun farko bai kamata a ɗora manaja a kan sunan mutum ba, ana yi masa nasa akawun ne wanda ba na kowa ba. Mai Murya ya ce abu ne mai sauƙi, zai buɗe sabo ya ba shi izini, Baba ya cire sunan Yaya daga saitin ya sa sabon, shi ke nan. Ya ce, "In ya dawo sai mu buɗe masa wani."

Baba ya ce, "In?"

"Baba, ba haka nake nufi ba."

"Zai dawo. Ka ce lokacin da ya dawo."

"Lokacin da ya dawo, Baba."

Baba ya ce zai yi tunani. Ya rufe kwamfutar, ya fita ya zauna a bakin ƙofa har rana ta faɗi.

Jumma'a

Baba bai taɓa kwamfutar ba.

Asabar, da yamma

Ya buɗe, amma ba abin da aka ce ya yi yake yi ba. Wata hanya yake nema. Ya koma wa masu saurin maganar nan, yana tambayar ko za a iya kunna manajan da sunan da aka rufe. Ya kira wani tsohon abokin aikinsa, na ji mutumin yana cewa, "Haba, wannan ai ba matsala ba ce, canza sunan mana!" Baba ya ce masa layin ba ya da kyau, ya kashe.

Mama na kallonsa daga ƙofar kicin. Ni ina kallon Mama.

Lahadi, da yamma

Likita ya kira Baba da Mama cikin ofis, aka bar ni a kan benci. Akwai hoton huhu a bangon da ke fuskantata, na haddace duk sunayen da ke jiki.

Ba zan rubuta abin da na ji ta ƙofa ba.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Baba ya wuce kwanar gidanmu, sai da Mama ta taɓa hannunsa.

Litinin, da yamma

Sun yi faɗa. Ban taɓa jin Mama ta ɗaga wa Baba murya ba.

Abin da ya jawo, Mai Murya ya kira da rana ya ce an yi kuskure a odar da ake rubutawa da hannu. Wani shago ya nemi maganin masu ciwon suga aka kai masa na tari, mutane suka zo suka koma hannu biyu. Mama na jin komai.

Da ya kashe ta ce, "Ka ji ko? 'Ya'yan wasu ne fa suke jiran maganin nan."

Baba ya ce, "Ina kan nema."

"Me kake nema? An faɗa maka abin da za ka yi tun Alhamis."

"Ba ki gane ba."

"Ni ce ban gane ba? Ni da nake juya shi a gado, nake shafa masa mai a dunduniya? Kai kana nan kana gadin suna a cikin kwamfuta. Yaron yana can, ba a nan yake ba!"

Baba ya ce, a hankali, "A nan yana aiki."

Mama ta juya. Ta shiga ɗaki. Na ji ta jawo akwatin kayan Yaya daga saman kabad, ta mayar, ta sake jawowa.

Ni ban san bayan wa nake ba. A littafi kullum ana gane mai gaskiya tun babi na biyu.

Talata, da safe

Kowa ya sha shayinsa a wuri daban.

Laraba, bayan makaranta

Mai Murya ya zo gida.

Gajere ne, yana da sanƙo, takalminsa ɗaya ya buɗe baki. Ya kawo lemo a leda. Ya durƙusa ya gaida Mama ya daɗe bai ɗago ba, yana cewa ta yafe masa, da ya duba sunan da kyau da ya tambaya kafin ya rufe. Mama ta ce, "Tashi ɗana, aikinka ka yi." Da na kawo ruwa ya ce, "Ke ce mataimakiyar?" Ban gudu ba. Ba abin gudu.

Ya ce wa Baba mutanen babban kamfanin sun riga sun zo sun zagaya, sun auna ɗakin injuna. Ya ce ya duba abin da Yaya ya haɗa, bai taɓa ganin aiki mai tsafta haka ba, kowane layi da bayaninsa a gefe. "In suka shigo, Baba, ko layi ɗaya ba za su bari ba. Ni ba na so a share shi. Suna kawai za a canza."

Baba ya ce, "Kawai."

Mai Murya ya sunkuyar da kai.

Baba ya tambaye shi, "Bayanan da ya rubuta a gefe, su za su tsaya?"

"Za su tsaya, Baba. Ba abin da zai taɓa su."

Baba ya raka shi har bakin titi. Da ya dawo ya ɗauki lemo ɗaya ya riƙe, bai ɓare ba.

Alhamis, da yamma

Gobe ƙarshen wata.

Na ce wa ƙawata ta daina kawo mini littafi tukuna. Ta ce, "Ke? Lallai duniya ta zo ƙarshe." Sai ta ga fuskata ta ce yi haƙuri. Na gaji da a ce mini yi haƙuri. Na fi so ta ci gaba da tsokanar.

Jumma'a, gab da faɗuwar rana

Dole sai na rubuta wannan, in ba haka ba zai zauna mini a ƙirji.

Da na dawo makaranta na tarar Baba ya yi wanka ya sa kayan fita, alhali ba inda za shi. Ya zauna a teburin, ya kira Mai Murya. Wannan karon bai sa lasifika ba, a kunne ya riƙe. Mama na kicin tana wanke-wanke, ba ta san ma ya kira ba, don tun Litinin ba ta tambayarsa komai.

Na tsaya a bayansa. Bai ce in tafi ba.

Ya buɗe wurin saitin. Sunan Yaya na nan, da manyan rubutun nan da ya ƙara. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, ya tsaya. Ina jin Mai Murya ƙasa-ƙasa yana cewa, "Ba sauri, Baba." Ya danna. Bai riƙe maɓallin ya tafi gaba ɗaya ba, harafi ɗaya ɗaya ya riƙa cirewa daga ƙarshe. Na kawar da kai kafin ya kai na farko.

Ya rubuta sabon, wasu haruffa ne da lamba, ba su da ma'ana. Ya ba da umarnin kunnawa. Allon ya yi shiru, ya daɗe, har na ce a raina wannan ma ba zai yi ba. Sai layuka suka fara fitowa. Ya danna jerin umarnin Yaya, suka zubo ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tsaya.

Baba ya miƙe har kujera ta faɗi. Wayar na kunnensa ya ɗaga murya, muryar ta karye, "Ya tashi! Wallahi ya tashi!"

Wani abu ya fashe a kicin.

Mama ta fito da gudu, kumfa har gwiwar hannu, ta fizgi mayafi daga bayan ƙofa tana neman takalmi da ƙafa. Fuskarta. Ban ga wannan fuskar ba tun kafin Yaya ya kwanta, na ma manta tana da ita. Tana dariya tana cewa, "Yaushe? Ya yi magana? Ya neme ni? Ku tashi mana, me kuke jira? Auta, ɗauko masa rigarsa mai shuɗi!"

Baba ya tsaya da wayar a hannu. Falon ya yi tsit har ina jin Mai Murya daga cikin wayar yana cewa, "Oda ta fara shigowa, Baba! Shugaba ta ce aikin naka ne, ka ci gaba."

Mama ta dubi wayar. Ta dubi allon. Ta dubi Baba.

Ta zare takalmi ɗayan da ta samu ta sa, ta ajiye shi a gefen ɗan'uwansa. Ta mayar da mayafin bayan ƙofa. Ta ce, "To. Madalla. Sannu da ƙoƙari."

Ta koma kicin ta jawo ƙofa.

Baba na tsaye inda yake, kujerar na kwance a ƙasa. Famfo na ta zuba a kicin, kuma ba ƙarar kwano ko ɗaya.